Tarwaɗar da Ke Iyo a Rigingine

Garwa, farkon bazara.

Zuwa ga Babana, Malam Ilyasu masunci, a tungar bakin Lagdo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifinta, ina fatan kana lafiya, kai da ƙanwata Sadiƙa da yaranta da duk mutanen tunga. Yaya ƙafar, yaya kuma fama da zafi? Mu nan rana ta fara nuna halinta, amma alhamdu lillahi.

Na san za ka ce me ya kawo takarda alhali ga waya. Ai ka san dalili. Duk ranar da na ambaci idonka sai layi ya katse, Sadiƙa kuwa ta ce ba laifin layi ba ne, laifin yatsanka ne. To takarda ba ta da wurin kashewa. Na ba Mahamat direban motar kifi, Sadiƙa za ta karanta maka, ka daure ka ji har ƙarshe.

Sau ɗaya zan faɗa. Yanar da ta rufe maka ido ana cire ta. A gabana ake yi kullum a asibitin idon da nake aikin jinya: tsoho ya shigo ana jan sa da sanda, ya fita yana yi wa jikansa faɗan dauɗar riga. Dokta Théodore ya ce taka ta nuna, in kuwa ta wuce nuna tana iya tafiya da idon ɗungurungum, daga nan ba sauran magani. Idan damina ta sauka kuma, hanyarku ta yanke ke nan sai kaka. Na san abin da ke ranka, Malam Mahfuzu ne da mai allurar nan da ya bi ƙauyuka ya tsokane masa ido. Wancan daban, wannan daban, Baba. Na gama, ba zan ƙara ba.

Bari in ba ka labari mai daɗi. 'Yarka ta kafa kogi a wurin aiki.

A ɗakin da muke kwance wa mutane bandeji bayan aiki, ba abin kallo sai allon baƙaƙen boko. Ka tambayi tsoho me yake gani, ya ce maka bango. Sai na ga bai dace mutum ya yi shekaru a duhu ba, ranar da ido ya buɗe a tarbe shi da bango. Na roƙi Dokta ya bar ni in ajiye akwatin gilashi na ruwa da tsirrai da 'yan kifaye, abin da suke kira akwariyom. Ya ce ya yarda, muddin ba ya buƙatar lantarki, tunda wutar nan baƙuwa ce, kuma ba zai raba ni da marasa lafiya ba. Na ce ya bar wa 'yar masunci wannan.

Mai gilashi a babbar kasuwa ya yanka mini, ya haɗa da gam, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Na shimfiɗa baƙar ƙasar lambu a ƙasa, na rufe ta da yashin Binuwai da na wanke har hannuna ya yi fari. Na sa duwatsu da wata busasshiyar saiwa, na dasa doguwar ciyawar nan da ke fitowa a ƙarƙashin ruwa, na watsa kainuwa a sama. Ruwan famfo sai da na bar shi ya kwana a bokiti, warin magani ya fita. Na ajiye akwatin kusa da tagar da rana ba ta shiga kai tsaye. Dabarar ita ce tsirrai su tace ruwan da kansu, ba inji, ba wahala.

Kifi kam tukuna, sai ciyawa ta kama. Abokiyar aikina Marthe tana ta yi mini tsiya wai na buɗe gonar harawa a asibiti. Za ta gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka taurin kan da na gada.

Taka 'yar,
Fa'iza.

Garwa, tsakiyar bazara.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka tashi lafiya, iyali kuma kowa ƙalau. Busasshen kifin da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Saƙonka ma Sadiƙa ta rubuto mini shi yadda ka faɗa, wai kifin da ba a ci, ruwan da ba a sha, lalle boko ya gama da 'yarka. Maganar ido kuwa ko tari ba ka yi ba. Na ji, na kuma yi alkawari ba zan tayar ba.

Kogina ya so ya ba ni kunya. Wata safiya na tarar da ruwan ya zama kore shar kamar miyar kuka, Marthe har da tafi. Ban zubar ba. Na ja labule rabi, na ƙara kainuwa, na jefa 'yan katantanwa su lashe gilashi, na yi haƙuri. A hankali ya washe, yanzu har ƙwayar yashi kana iya gani. Sannan na samo ƙananan kifaye daga bakin gaɓa, kaɗan kawai, don yawa ke ɓata ruwa. Abincinsu bai fi abin da za a ɗauka da yatsu biyu ba. Aikina yanzu in cika abin da zafi ya shanye, in rage kainuwa idan ta yi yawa, shi ke nan.

Da ka ga wata tsohuwa, Hadje, da aka kawo daga Mayo-Oulo. Muna cire mata bandeji ta ƙura wa akwatin ido, ta ce “Boɗɗum!” da Fillanci, wato ya yi kyau, ta shiga nuna kifayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ta gama sai ta tambaya ko na miya ne. Dokta ya ce wannan gwajin ya fi allonsa.

Abu ɗaya ke damuna, shi ne 'yar tarwaɗata. Ƙarama ce, mai ɗigo-ɗigo, gashin bakinta na ƙasa yana da rassa, ga ƙaya ɗaya tsaye a gadon baya. Ranar da aka kamo ta har wani gurnani ta yi. Amma ba ta iyo kamar sauran, kullum a rigingine take, ciki sama, tana bin ƙarƙashin kainuwa. Ina jin ciwon ciki ne, har ina tunanin jiƙa mata ɗan kanwa.

Na manna mata takarda a jikin gilashi da manyan baƙaƙe, boko da ajami: “Tarwaɗa. Inji Fa'iza, 'yar Malam Ilyasu masunci na Lagdo.” Na sa sunanka ne don mutane su san ba da ka na faɗa ba, a gida na koya. Masunta biyu da suka zo aiki an karanta musu, suka yi ta dariya har Marthe ta tsawata musu kada ɗinki ya motsa. Ban san abin da ya ba su dariya ba. Ɗaya ya ce ya san ka, zai ba da labari a kasuwar kifi.

A gaida kowa da kowa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Fa'iza.

Garwa, ƙarshen bazara.

Sadiƙa ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Yaya jego, yaya ɗan baƙonmu, yaya haƙuri da Baba? Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta masa.

Daina tambayata ko na haukace. Na san kifin nan ƙurungu ne, ba tarwaɗa ba. Ni da nake yawo da tabon ƙayarsa a babban yatsa tun ina 'yar mitsitsiya, ranar da na tsoma hannu a cikin kwalekwale? Kuma na san haka Allah ya yi irinsa, a rigingine yake iyo, lafiyarsa lau. Baba dai ya manta da wannan tabo, shekaru sun yi nisa. Roƙo bai kawo shi ba, hawaye bai kawo shi ba. Amma mutumin da ya taɓa fasa cinikin kwando guda don mai saye ya kira karfasa da sunan wani kifi, ba zai iya barci ba alhali sunansa na manne a ƙarƙashin ƙarya.

Mahamat ya ce tun ranar da labarin takardar ya isa tunga Baba yake sababi, ya kuma kawo mini umarnin in yage takardar. Ki gaya masa na ce a'a. Ki ce na ce kifin da mutum bai gani ba, ba ya yanke masa hukunci.

Wallahi da na rubuta wannan layin sai da na so in goge shi. Magana ce mai ciwo a faɗa wa wanda ba ya gani, kuma uba. Idan ya yi fushi ya ƙi zuwa, na yi biyu babu. Jiya hadari ya haɗu a gabas, na tsaya a taga ina roƙon Allah ya jinkirta ruwa, alhali kowa na jiran sa. Amma na san ubana. Ki wanke masa farar rigarsa ki ninke, ki sa a jaka.

Yayarki,
Fa'iza.

Garwa, ranar ruwan farko.

Sadiƙa,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya ke da yara. Na ce miki a waya an yi aikin lafiya sai layi ya yanke, wannan karon da gaske. Ga sauran labarin.

Mahamat ya sauke Baba a ƙofar asibiti yana ƙarnin kifi da fushi. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi wurin akwatin, zai sa hannu ya taɓa, a gama magana. Na ce dokar wurin nan ba a tsoma hannu, da ido ake kallo. Can sai ya ce a kira masa likitan. Ya tambaye shi da Fillanci ko hannunsa na rawa. Dokta ya miƙa masa hannun. Baba ya riƙe ya daɗe, yadda yake riƙe igiyar taru yana sauraron abin da ke ƙasa. Sannan ya ce, “To, bismilla.”

Aka yi masa aikin, washegari muka zaunar da shi gaban akwatin. Marthe ce ta kwance bandejin. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ruwan tas, ciyawa na kaɗawa. Sai ga kifin namu ya fito daga ƙarƙashin saiwa, ciki sama, yana tafe abinsa. Na shirya shan faɗa. Baba ya ce, “Ƙurungu,” a hankali, kamar mai gaida tsohon aboki.

Daga nan ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, Sadiƙa, ya ce ashe na yi furfura ba wanda ya gaya masa. Ya ce in ba shi hannuna na dama. Ya juya babban yatsan wajen taga, ya nemo tabon, ya ɗora nasa a kai.

Ya ce, “Ni na cire miki ƙayar nan da haƙorina. Wadda ƙurungu ya soka ba ta kiran sa tarwaɗa. Tun ba a haife ki ba nake ɗana ƙugiya, kina tsammani ban san ta ba in na ji ta? Na haɗiye ne don na san mai jifan.”

Na yi kuka a gaban marasa lafiya, ban ji kunya ba. Da na natsu na miƙa hannu zan yage takardar, sai ya buge mini hannu. Ya ce a bar ƙugiyar a ruwa, akwai sauran tsofaffi masu taurin kai a tunga, shi da kansa zai je ya ba su labarin irin ɓarnar da boko ya yi wa 'yarsa.

Za a yi ɗaya idon in wannan ya huta, don haka a wurina zai yi damina. Yana gaishe ki, ya ce ki shirya masa jaririn, yana zuwa ya ga wa ya ɗebo.

Yayarki mai ƙaunarki,
Fa'iza.