Na Kira Sunanki a Gaban Mutane, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarki, sai yau na iya ɗaukar alƙalami, shi ma don na yi miki laifi ne, ga kuma wata kunya da ta hana ni sakat.

Kin san labarin 'yata Ummi, takwararki, har zuwa hatsarin nan, da motarmu ta zame a kan ƙanƙara a hanyar Laurel a nan Amurka, lakar bayanta ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da take iya motsawa. Abin da ya biyo bayan tafiyarki ne ba ki sani ba.

Bara aka sa ta cikin wani gwaji a Baltimore. Sai a manna mata wasu 'yan abubuwa kamar filasta a gadon baya, a jona waya, a sako wutar lantarki 'yar kaɗan. Na san da kina nan sai kin rafka salati, kin ce za mu gasa miki takwara. Babu zafi, Inna, ta ce kamar tururuwa ce ke yawo a bayanta. Wai wutar tana farkar da jijiyoyi ne, ko sa ji saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikowa. Ba wanda ya yi mana alkawarin za ta yi tafiya.

Tun ranar farko likitar motsa jiki ta ce in durƙusa gaban yarinyar, in riƙe gwiwoyinta, in riƙa kiran sunanta ina zuga ta. Ni? 'Yar fari, kuma mai sunanki? Na tura babanta, na koma bakin ƙofa na zauna rungume da rigunan sanyi kamar 'yar rakiya. Wata huɗu cur ina wurin.

Ni fa nas ce a Largo. Tsofaffin da ban haɗa komai da su ba nake shafa wa kai ina lallashi. A gida ma ni ke yi wa Ummi wanka, ni ke juya ta a gado, amma baki gum, daga "ke" sai "yarinyar nan". Har ina hura hanci wai Amurka ba ta cinye mini tarbiyya ba.

Haka kika yi mini, ni ma 'yar farinki ce. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ranar da na ci jarrabawar makarantar nas, kau da kai kika yi kika ci gaba da tankaɗe. Ban taɓa zarginki ba, don a Zariya kowa ya san ma'anar wannan shirun, ga Kaka tana janyo ni jikinta tana yi mini kirari. Na manta Ummi ba ta da kaka a nan, kuma ba maƙwabciyar da za ta fahimtar da ita.

Wata Talata babanta bai samu zuwa ba. Aka kunna na'urar, aka ce ta gwada, sai babban yatsan ƙafarta ta dama ya ɗaga. Ɗakin ya kaure da tafi, likitar har da ƙwalla. Ummi ta waigo tana nemana. Murna kamar ta kashe ni, amma me na yi? Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

A mota muna komawa ta yi magana da Turanci, kin san Hausar ji take, ba ta mayarwa. Ta ce in ƙara haƙuri, tana iya ƙoƙarinta ta rabu da keken guragun nan, don ta san shi ya sa ba na son kallonta a gaban mutane.

Inna, sai da na gangara gefen titi na tsaya. Yarinya 'yar shekara goma tana haɗa gumi sau biyu a mako, ashe ba tafiyar ce ta dame ta ba, so take uwarta ta dube ta. Ban taɓa raina kaina irin na ranar ba.

Ranar Alhamis na ajiye rigunan a kujera, na durƙusa, na riƙe gwiwoyinta. Sannan na faɗa da ƙarfi, kowa na ji: Hauwa'u. Sunanki gatsal, ba sakayawa. Yatsan bai motsa ba ranar, har yanzu ma wata rana ya yi, wata rana ya ƙi. Amma ta kafe ni da ido, ta ce in sake faɗa.

Laifin ke nan, Innata. Ki yafe mini, kuma ki sani ban daina ba, safe da yamma sunanki yana bakina.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya tashi kafaɗun takwararki. In ya haɗa mu a Aljanna, ni ma ki kira nawa, ko sau ɗaya ne.

Taki har kullum,
Rabi, wadda kike ce wa "ke"