Hular Lokoja

Asabar, 10 ga Agusta, 2024
Lokoja. Bikin abokina ya kawo ni, amma tsoffin gidajen Turawan mulki suka ɗauke min hankali. Ginshiƙan ƙarfe, barandar katako, fenti fes. Na ce wa angon mu a Haɗeja ko bango ɗaya mun kasa adanawa. Bakina dai!

Lahadi, 11 ga Agusta
Wani mai hoto na ba da aron hular Turawan nan mai kama da ƙwarya a kife. Na ɗora, na ƙame, na sara. Na tura zauren gidanmu na waya, har na rubuta: “Sabon Gwamna.” An sha dariya. Ban da ƙanwata Bashira.

Talata, 13 ga Agusta
Na iso gida, kogi ya cika maƙil. Na durƙusa gaban kakata Yakaka. Tunda aka haife ni “Baban Baba” take ce min, don sunan kakanta Badaru na ci. Yau cewa ta yi, “Sannu da zuwa, Bature.” Ba wasan jika ba ne, ko kallona ba ta yi ba.

Ashe yara sun nuna mata hoton.

Laraba, 14 ga Agusta
Bashira: “Yaya, ka manta wa ya harbe mai sunanka?” Ban manta ba. Ranar da Turawa suka shigo garin nan ya faɗi, kowa a gidanmu ya sani. Duk shekara da ni ake cin wainar sadakarsa. Wayyo kunya.

Juma'a, 16 ga Agusta
Tsarabar da na kawo wa Yakaka na nan inda na ajiye mata. Har yau Bature.

Litinin, 19 ga Agusta
Na ce, “Yakaka, a ina ya faɗi?” Ta ce in tsayar da Keke Napep.

Wani tudun ƙasa ne, guntun tsohuwar ganuwa, bayan rumfar mai faci. Ba allo, ba fenti, awaki a kai. Kullum ta nan nake bi zuwa aiki. Muka yi masa addu'a.

Wajen saukowa santsi ya kusa kayar da ita. Ta ce, “Riƙe ni, Baban Baba.” Ban sani ba ko suɓutar baki ce.

Hoton dai na goge. Wayar ce ta cika.