Taku Bakwai Babu Shaida

Asabar, 2 ga Agusta

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba: duk koya wa Kumatu tafiya da nake yi, ba don shi nake yi ba. Don in rabu da shi ne. Allah Ya yafe mini.

Ƙanina ne, watansa goma sha biyar. Tun yana wata huɗu yake bayana, lokacin da Mama ta koma aikinta a ɗakin wanki na asibiti. Na gama firamare ke nan, aka ce in ɗan jira. Gidan rainon da ke bayan asibitin ba sa karɓar yaro sai yana tafiya da ƙafarsa. Mama ta ce ranar da suka karɓe shi za ta kai sunana sakandare. Ashirin da biyu ga wata ake rufe rajista.

Talata, 5 ga Agusta

Na cika jarka rabi da ruwa, yana tura ta daga bakin gado zuwa ƙofa. Da ta yi gaba sai ya bi ta yana ihu. Ni na ga zamansa na farko, ni na ga rarrafensa, haƙorinsa na farko a yatsana ya gwada shi. Amma ranar awo Mama ce ke ba ma'aikaciyar jinya amsa, ni ina riƙe da jaka.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ya taka! Ina shanya, na waiga, sai ga shi ya saki jarka, hannuwa sama kamar wanda aka kama. Ɗaya, biyu, har bakwai, ya faɗo kan ƙafata. Ba kowa a gidan.

Da Mama ta dawo na tsayar da shi a gabanta. Ya dube ta, ya dubi Yaya, babban wanmu, ya zauna daɓas ya miƙo mini hannu. Yaya ya ce, "A mafarki dai ya yi tafiyar, 'yar sakandare." Mama ta ce, "Ke dai kin matsu." Ni bakina ba ya buɗewa sai an watse.

Alhamis, 14 ga Agusta

Idan mu biyu ne har kicin yake bina. Da an turo ƙofa, sai ƙafar ta mutu.

Litinin, 18 ga Agusta

Mun je gidan raino. Na yi masa wanka sau biyu, na sa masa takalmin da Baba ya kawo. Ɗakin cike da yara, ƙananan kujeru ja da shuɗi. Malamar ta ce a ajiye shi a bakin ƙofa, ya zo teburinta ya karɓi ƙwallo. Bai fi taku biyar ba.

Na sauke shi. Ya cafke zanena da hannu biyu, ya tsala ihun da ya sa sauran yaran kuka. Na durƙusa ina ce masa a kunne, "Don Allah, Kumatu, yau kaɗai." Hawa jikina yake yi.

Malamar ta matsa ƙafafunsa ta ce, "Lafiyarsa lau. Bayan yarinyar nan ne ya hana shi. Ko kusa da wani ba ya yarda ya je, ko?" Ta ce a dawo da shi watan Janairu.

A hanya Mama ta ce, "Kin ji ko? Kin sangarta shi. Motsi kaɗan kin ɗauka kin goya."

To da wa zan bar shi in yi wanke-wanke? In ya yi kuka a ce ban iya raino ba, in na goya a ce na lalata shi. Duk wannan a cikina na faɗa. A fili cewa na yi, "To, Mama."

Talata, 19 ga Agusta

Ban yi masa wasa ba yau. Ya kawo mini murfin kwano, na kau da kai. Ya sake kawowa.

Juma'a, 22 ga Agusta

An rufe rajista da azahar.

Da la'asar Baba ya dawo daga tafiya da babbar motarsa, yana tsaye a tsakar gida yana kaɗa makulli. Kumatu ya miƙe, ya taka har wurinsa, a gaban kowa. Mama ta saki guɗa, hawaye na zuba, ta ɗauko waya. "Takunsa na farko! Alhamdu lillahi, a idona!" Yaya yana ta tafa hannu. Baba ya ce, "Ai ni yake jira."

Kwana goma sha biyu yana tafiya. Ba wanda ya kalle ni, balle a ce ashe gaskiya na faɗa. Na shiga kicin na kunna famfo.

Laraba, 27 ga Agusta

Na roƙi matar tela, maƙwabciyarmu, ta riƙe shi awa ɗaya kullum tare da 'ya'yanta. Sai da na maimaita sau biyu kafin ta ji muryata. Ta ce, "Kawo shi, 'yata, amma kar ki leƙo." Ban gaya wa Mama ba.

Na kai shi a ƙafa, ban goya ba. Na zare yatsunsa daga zanena ɗaya bayan ɗaya, na fito. Na tsaya jikin katanga ina jin yana kirana, "Ya! Ya!", sunan da ni kaɗai yake ba. Ƙafata ta so ta koma. Na riƙe ƙarfen taga.

Can ya yi shiru. Sai na ji dariyarsa, da wasu.

Abin da nake so ke nan. Na dawo na buɗe tsohon littafin lissafina, na kasa gane komai, bayana sai iska ke shiga.

Gobe awa biyu.