Ƙuri'ar da Muka Jefa a Tulu

Zuwa ga Yaya Rabi, a Maraɗi ko duk inda wannan takarda ta same ki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina gaishe ki, ina gaida Baban Halima, ina gaida yara da duk wanda ke gidan. Mu nan Yammedi lafiya ƙalau muke, an kawar da amfanin gona, dawa ta yi kyau bana. Ni ce ƙanwarki Binta, kuma da hannuna nake rubutawa, ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na ba fatake masu zuwa wajenku, har yau shiru. Shi ya sa Malama Laraba, matar malamin gona da ke koya mana karatun boko, ta ce a aika wannan gidan jarida, ko Allah zai sa ta faɗa hannun wanda ya san ƙofar gidanku. In kin ji baƙo yana karanta zancen gidanmu a bainar jama'a, ki yi mini haƙuri. Labarin da ke bakina ya fi ƙarfin in haɗiye shi.

Yaya, mun yi zaɓe! Mu mata, a nan Yammedi! Na san kin dafe ƙirji. Bari in faro miki daga ɗakinki, don a can abin ya fara.

Kin tuna zuwan da na yi haihuwar Halima, na zauna har kika yi arba'in? Kin tuna safiyar da kika ɗaura zanenki na saƙi, kika miƙa mini jaririya, kika ce in raka ki makaranta? Na zaci rigakafi za a yi wa yara. Sai na ga mata jere a rana, har da tsofaffi masu sanda. Aka ba ki ambulan da takardu kala-kala, kika shiga bayan labule ke kaɗai, ba miji, ba wa, ba mai gari. Ni ina gindin bishiya, Halima tana tsotsar mayafina.

Kin fito kina dariya har haƙorin makkanki yana walƙiya, kika ce, "Binta, yau na naɗa mutum. In ya ɓata kuma, ni zan tuɓe shi."

Ban iya cin abinci sosai ba ranar nan. Ke da muka yi tallan ƙuli-ƙuli tare a kasuwar Rogo, ke ce kike naɗa mutum!

Da la'asar Baban Halima ya zauna a rumfa yana yi mini bayani kamar ni ɗaliba ce. Ya ce Faransa ba su da sarki, tun kakanni suka raba gari da sarauta. Jam'iyyunsu kuwa sun yi yawa, kowa da tasa, har gwamnati takan faɗi kafin kaza ta ƙyanƙyashe ƙwanta, a sake ɗora wata. Ya ce amma ɗan ƙasarku yana iya tafiya har babban birninsu ya zauna a majalisa kujera ɗaya da Bature, ya ɗaga murya ya ce bai yarda ba. Ingila kuwa, in ji shi, manyan jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓa. Ɗaya tana mulki, ɗaya tana zaune tana fuskantarta, ba aikinta sai tono laifi. Har mutumin da ya ci musu yaƙi, da aka zo zaɓe sai suka ajiye shi, ya kwashe kayansa ya bar gidan ba wanda ya zare takobi.

Na haddace duk wannan a hanya, daga Jibiya zuwa Katsina zuwa Kano, ina ta maimaitawa a cikin mota don kada ya zube.

Da na juye wa Maigidana, sai ya tsayar da keken ɗinkinsa ya dube ni. Kin san shi, mutumin jam'iyyar manya ne, ba ya son a taɓa rawani. Ya ce in tambayi Baban Halima me ya lalata bayan mahaifinsa, in ba aikin tilas na gyaran hanya da Faransa suka sa su ba. Ya ce Ingilishi sun bar mana sarakunanmu da alƙalanmu, Bature ba ya yi maka magana sai ta bakin naka. A can kuwa sarki ɗan aike ne.

Ban musa ba, Yaya, don na gani da idona. Ranar kasuwarku na ga kumandan, Baturen mulkinku, yana yi wa wani dattijo mai rawani tsawa a gaban jikokinsa, dattijon yana riƙe da takalmansa a hannu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Amma na ɗauko amsar da muka rubuta wa takardar da kika taɓa aiko mana, na nuna masa kan sarkin da za mu manna. Na ce, "Malam, hoton wa ke nan?" Ya ce Sarauniya. Na ce, "To ƙasar da mace ke kan gado, ita ce matan da take mulka a nan ba sa jefa ƙuri'a. Ƙasar da ba sarki ba sarauniya kuma, yayata ta jefa."

Ya ce, "Wannan can ne." Ya ci gaba da taka kekensa da ƙarfi har zare ya tsinke.

Haka maganar ta kwanta kusan shekara biyu. Sai da rani ya kama bana aka ce hukuma za ta gina mana rijiyar siminti, guda ɗaya tak. Maza suka taru a ƙofar mai unguwa suka yanke a haƙa ta bakin filin da ake awon auduga, can bayan gari, don baƙi da jakunansu su sami ruwa. Kin san wurin. Daga gidanmu ya fi rafi nisa. Filin da ake cika shi wata biyu a shekara, sauran watanni sai awaki.

Mu kuwa gindin tsamiyar nan muke so, wadda ke tsakanin unguwarmu da ta maƙera. Amma wa ya tambaye mu? Na tuna wuyan Inna, Allah ya jiƙanta, yadda a ƙarshen rayuwarta ba ta iya waiwaye sai ta juya jikinta duka. Tulu ne ya yi mata haka, ba tsufa ba.

Ranar aji na kasa rubutu. Malama Laraba ta tambaye ni abin da ke damuna, sai kawai na ji bakina yana ba su labarinki: ambulan, labule, da dariyar da kika fito da ita. Gwaggo Asabe mai daddawa, wadda ke zuwa ajin don hira kawai, ita ta fara magana. Ta ce, "Ambulan ne ba mu da shi. Tulu ai muna da shi."

Wayyo Yaya, da kina nan!

Muka bari sai ranar sunan jikar Gwaggo, da yake mata za su taru ba mai tambayar dalili. Muka kafa zana a lungun tsakar gida, muka ajiye tuluna biyu masu ƙaramin baki a bayanta. Ɗaya muka ɗaura masa auduga a wuya, ɗaya ganyen tsamiya. Malama ta tsoma ƙwallayen dabino a shuni, don kada wata ta zo da nata daga gida, ta riƙa ba kowace mace ɗaya a tafin hannu. Ni ce mai tsaron zana. Na tsaya na ɗaure fuska kamar ɗan sandan da na gani a ƙofar makarantarku.

Wata ta shiga ta daɗe, ta leƙo ta ce in ta jefa mijinta zai sani? Na ce ko ni ba zan sani ba. Ta koma, muka ji ƙwal, ta fito tana rufe baki da mayafi. Wata makauniya daga unguwar maƙera ta ce kada kowa ya riƙe mata hannu, ta laluba wuyan tulunan da kanta. Uwargidan mai unguwa ma ta karɓi ƙwallonta. Ta ce mu shaida ita barka ta zo, sannan ta shige bayan zana. Guɗar da aka yi ranar, mutanen waje sun zaci duk ta jaririya ce.

Ba mu buɗe tulunan ba. Gwaggo ta toshe bakinsu da tsumma ta shafe da laka.

Kafin azahar ta washegari magana ta zaga gari: matar maɗinki ta kawo siyasar Faransa. Kin san yadda ake ciki yanzu da babban zaɓe ya matso, taron da ba izini yana iya kai mutum gaban alƙali. Aka aiko kiran Maigidana. Ya dawo fuskarsa kamar an shafa toka, ya ce, "Binta, kin san abin da kika jawo mini? Ana cewa gidana ya zama na 'yan hamayya." Kwana biyu bai yi mini magana ba, tuwo ma a zaure yake ci. Gaskiya na tsorata. Na zauna ina tunanin in aka tafi da shi ta dalilina, da wane ido zan dubi mahaifiyarsa.

Ran na uku malamin rijiya ya iso daga Karaye da ma'aikatansa. Ana zaune a ƙofar mai unguwa sai ga Gwaggo Asabe da tulu ɗaya a ka, ɗaya a kafaɗa. Mu muna leƙe ta katangar gidan maƙwabta, mun hau turame. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta ce, "Ranka ya daɗe, saƙo ne daga masu ɗaukar ruwa. Ba mu buɗe ba, mun bar wa manya."

Mai unguwa ya daɗe yana kallon tulunan. Sannan ya sa aka fasa lakar, aka zazzage a kan tabarma. Na auduga, ƙwallo bakwai. Na tsamiya kuwa sai da suka gangara har ƙarƙashin ƙafar liman.

Malamin rijiya ya yi dariya har ya cire hularsa. Ya ce shi duk garin da ya je, maza ke nuna masa wuri, bai taɓa ganin ɗayansu da gammo ba. Wani ya taso da faɗa, ya ce wannan bidi'a ce ta ƙasar Faransa. Mai unguwa ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi bai ga ƙuri'a ba, don mata ba sa ƙuri'a a ƙasar nan, kowa ya sani. Abin da ya gani shi ne iyaye mata sun kawo shawara, kuma tun jiya ma yake tunanin ƙasar gindin tsamiya ta fi danshi.

Tun jiya! Yaya, saura kaɗan in faɗo daga kan turmi.

A nan na gane bambancinmu da ku. Ku an ba ku takarda a hannu a gaban kowa. Mu kuwa ba za a ce mana mun ci ba, sai dai mu wayi gari mu ga ana haƙa.

An haƙa kuwa. Sati biyar ana fid da jar ƙasa, sannan farar ƙasa, sannan wata safiya muka ji mai haƙa yana kabbara daga ƙasa. Gugan farko Gwaggo aka ba. Na biyu makauniyar nan ta wanke fuskarta da shi. Yanzu ina ɗora tukunya a wuta in je in ɗebo ruwa in dawo ba ta tafasa ba. Har yau kuma ana neman mata bakwai ɗin nan na auduga, ba wadda ta amsa.

To, ga abin da ya hana farin cikina cika. Wani bafatake ya gaya mana cewa tun da dogon sojan nan ya karɓi ragamar Faransa aka yi muku zaɓen e ko a'a, jam'iyyar Baban Halima ta faɗi, yanzu ma an hana ta, ana kama mutanenta. Ya ce ya wuce ta ƙofar gidanku ya ga an rufe. Ashe mai ba ka takarda yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya ga wadda ka ɗauka. Na yi kuka, Yaya. Ban san ko kina cikin gari ba, ko ƙauye, ko kin ƙetaro.

Da na gaya wa Maigidana, na zaci zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Sai ya ce mutum bai kamata a kore shi daga gidansa don tulun da ya jefa wa ƙwallo ba. Haka ya ce, tulu! Shi da kansa.

Jibi maza za su jefa tasu ƙuri'ar a Karaye. Ya wanke babbar rigarsa, kuma na san akwatin da zai nufa, ban isa in canza shi ba. Amma ya ce da ya fito ba gida zai dawo ba. Zai hau mota zuwa Jibiya, ya bi tasha-tasha da zangon fatake yana tambayar Bamaraɗe mai sayar da fata da matarsa 'yar Yammedi. Ya share ɗakin da ke kusa da zaure, ya sake masa jinka da hannunsa. Ya ce in rubuta miki cewa shi da Baban Halima za su yi gardamar Ingila da Faransa har su gaji, amma a kan tabarma ɗaya, da ƙwarya ɗaya a tsakaninsu.

Don haka in wannan ta riske ki, ki aika Jibiya a nemi maɗinki dogo mai tabo a gira. Kada ki tsaya haɗa kaya. Ki goyo ƙaramin, ki riƙo hannun Halima, ku taho.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya rufe idon mai neman ku da sharri, ya buɗe na mai neman ku da alheri. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Allah ya ba ƙasarku da tamu shugabannin da za su tambayi mai ɗaukar kaya kafin su ɗora masa. Allah ya sa in ga ƙafarki a ƙofar gidan nan kafin ruwan farko ya sauka, amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Binta,
Yammedi, ƙasar Karaye.