Iya, Ki Dama Kunun da Kanki

Assalamu alaikum, Iya.

Ina gaishe ki da Baba. Yaya damina a Mai'adua? Mu nan Aljeriya lafiya lau, aikin gini dai sai haƙuri.

Iya, na ji ƙanena Sada yana zuba ƙwayar taramol a kunun 'yan gayya don kada su gaji da noma, Baba ma yana sha. Hankalina ya tashi. Makon jiya abokin aikina Zulkifilu ya sha ƙwayar nan, ya kwanta a inuwa. Muka ɗauka barci yake, muka bar shi ya huta. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ƙwayar take hawa, ta danne numfashi, zuciya ta rage bugu, jini ya sauka. Ranar Juma'a muka yi masa sutura.

Ni kada ki damu, ina rage shan ta a hankali. Zuciyata ce kawai take bugu da ƙarfi, hannuna yana rawa, shi ya sa rubutun ya karkace.

Don Allah ki dama kunun da kanki. In kuma Baba ya kwanta a gindin bishiya, ki tashe shi.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Nu'uman