Ranar da Na Saukar da Ruwa a Aji Biyu

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe uku na rana.
Ɗakin malamai, kowa ya tashi sai ni.

Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. A gaida mini Kawu.

Ke kika tsufa da alli a hannu, shi ya sa na kawo miki kukana. A kwaleji an koya mana cewa yaro ya fi riƙe gajeriyar waƙa idan ta dace da abin da yake gani ta taga. Da damina ta faɗi sai na tsara wa 'yan aji biyu wannan:

Hadari ya haɗo gabas,
Iska tana kaɗa ganye,
Ruwa, sauko, muna murna,
Ƙasa ta sha ta ƙoshi.

Na ƙara da dabarata: su buga benci da yatsu, yayyafi ke nan, da tafin hannu, ruwa kan kwanon rufi, a ƙarshe kowa ya doka ƙafa, tsawa. Jiya muka gwada, ajin ya ɗauka, har kaina ya fara girma.

Akwai yarinyar da suke kira Kanari saboda zaƙin muryarta, ita na so ta ja waƙar ranar taron iyaye. Muna kaiwa kan tsawa na neme ta na rasa. Tana ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwa. Yara suka kwashe da dariya, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Yau ba ta zo ba.

Ɗazu malamar aji ɗaya ta faɗa mini dalili. Bara, ana tsakar ruwa, bangon ɗakinsu ya rufta, ita da ƙanenta suna ciki. Ita kaɗai aka ciro da rai. Duk makarantar an sani, ni kaɗai ce baƙuwa.

Tsorona kada na zama sanadin barinta makaranta.

'Yarki,
Ƙaramar Malama

Laraba, 19 ga Yuni, bayan tashi.

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso, kuma na bi shawararki: na je gidan su Kanari da kaina, ban aika ba.

Mahaifiyarta tela ce. Na same ta kan keke, na ba da haƙuri har na fashe da kuka. Ita ce ma ta koma lallashina, wai malama guda da kuka kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce ba za ta tilasta wa yarinyar ba, amma ba za ta hana ta ba.

Ranar Litinin Kanari ta dawo, ta zauna dab da ƙofa. Na daina bugun benci, na goge waƙata. Na ce kowa ya kawo layi ɗaya kan abin da ake yi a gidansu in ruwa ya zo. Wani ya ce mamarsa kan kwashe shanya a guje tana yi wa kowa faɗa. Wata ta ce babanta kan tara bokiti a kan gado, ya rantse gobe zai gyara rufin. Aka yi ta dariya.

Kanari kuwa, sai da aka fita hutun tara ta zo gefen teburina, ta ce a rubuta nata: ƙanena yana son kukan kwaɗi. Na rubuta a allo yadda ta faɗa. Da aka dawo, ajin ya rera duka, har da nata. Na ga leɓenta na motsi.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ko za ta yarda ta ja waƙar ranar taron.
Ko shugaban makaranta zai karɓi waƙar damina mai bokiti a kan gado.
Abin da zan yi ranar da tsawar gaske ta riske mu a aji.
Sunan ƙanen nata, Goggo. Ban sani ba ko ya dace in tambaye ta, ko in jira ta faɗa da kanta.

Ki sa mu a addu'a, ni da ita.

'Yarki,
Ƙaramar Malama