Akwatin da Na Naɗe da Roba

Zuwa ga yayata Mbak Lastri,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Taiwan. Allah ya ƙara miki haƙuri da ita, ya kare ki daga sanyin garin mutane. Nan lafiya lau. Na leƙa gida Pujon ranar Juma'a. Mahaifiyarmu Mak tana nan da ciwon gwiwarta amma ta ƙi zama, saniyar nan mai farin goshi ta haifi mace, kuma ƙanen Baba, Paklik Darmo, shi ke kai madara wurin awo tunda na taho. Mak ta ce kullum sai ya zubar a hanya. Ni kuwa kin sani, shekara biyar ina gangarowa da tuluna biyu a bayan keke ban taɓa zubar da ko cokali ɗaya ba.

Mbak, gara in faɗa miki tun yanzu. Tseren kekunan dutsen da kika roƙi hutu dominsa, ba zan hau ba, babu sunana. Kwana huɗu ke nan ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba.

Kin san Pak Wiryo, mai horar da mu, a hanya ya gan ni da tulunan madara ya ce in zo nan garin Batu in gwada. To a nan ba a yarda da ido kawai. Akwai wata ɗalibar jami'a, Mbak Ratri, ta raba mana wani ɗan akwati kamar gidan ashana, ana ɗaure shi a wuyan keke. Duk dutsen da taya ta doka, duk tsallen da ka dira, yana ji yana ajiyewa. Da yamma ta jona shi da kwamfuta, zane ya fito kamar haƙoran zarto, da shi ake sanin ko za a ƙara wa shakazoba iska ko a rage. Ranar da ta miƙa mini nawa ta ce in kula da shi, ya fi ɗan maraƙi tsada. Wannan maganar ce ta kashe ni, Mbak. Na duba abin nan ɗan mitsitsi, na duba duwatsun da za mu bi, na ce ai kafin sati ya tarwatse a hannuna. Sai na yi masa yadda Baba ya koya mana da tulu. Na yanko soson katifa na shimfiɗa masa, na naɗe shi da robar tsohon tif, sannan na ɗaure. Kullum in an tashi sai in kwance, in goge shi, in kai mata tsaf. Har yabona take yi, wai ni kaɗai ke kawo nawa ba taɓo.

Sati uku ina gangarowa hannuwana kamar za su cire. Kafin in kai rabin dutsen yatsuna sun mutu, birki ma da ƙyar nake matsawa. Na gaya wa Pak Wiryo gaban keken ya yi tauri, a rage iska. Ya kai ni gaban kwamfuta ya nuna mini zanen Galih, wanda muke neman gurbi ɗaya da shi, haƙora dogaye kamar na kada. Ya nuna mini nawa, shimfiɗe kamar ruwan gonar shinkafa. Ya ce abin ba ya ƙarya, kekena bai ma san ya taka dutse ba, tsoro nake ji ina lallaɓawa. A gabana ya ɗauki famfo ya ƙara iska. Galih kuwa ya samu abin yi, ya sa mini suna Mai Madara, in na wuce sai ya ce a ba ni hanya kada nono ya zube. Har ni ma na fara zargin kaina. Ina jin ƙasusuwana suna kuka, amma masu ilimi sun ce ba a doke ni ba, ni da ko sakandare ban gama ba me zan ce?

Ranar Laraba ruwa ya kama mu a sama, muka sauko a jiƙe, na ruga canja riga ban kwance akwatin ba. Mbak Ratri ta je da kanta ta ɗauko. Na fito na tarar da ita tsugune gaban kekena tana warware roba, tana warwarewa, kowa ya kewaye ta. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun ranar farko, don kada ya ji duka. Ta dafe kai ta ce, “Tegar, ai don ya ji dukan aka yi shi.” Galih ya yi dariya har ya zauna a taɓo. Pak Wiryo bai yi ba. Ya kama hannuna ya juya, ya ga yadda wuyan ya kumbura.

Washegari aka ɗaure akwatin tsirara a kan ƙarfe na gangaro. Haƙoran da suka fito sun fi na kowa tsawo, Mbak Ratri ta ce ba ta san yadda ban faɗi ba duk kwanakin nan. Aka rage iska, na sake hawa. Mbak, keken kamar an canja shi, duwatsun da ke kakkarya ni sai na ji yana haɗiye su. Na riga Galih da daƙiƙa shida. Ya zo ya buga mini hular kwano ya ce Mai Madara ashe aljani ne. Amma tun ranar Litinin aka aika da sunaye aka rufe. Pak Wiryo ya buga waya sau uku, masu shirya tseren suka ce sai baɗi.

Abin da ke cina shi ne, da sakaci na yi da na haƙura. Kula na yi. Abin da aka yabe ni da shi tun ina yaro shi ya fitar da ni, kuma har yau in na ga akwatin nan manne da ƙarfe ba ko ƙyalle, sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Na san shekara uku kika yi kina roƙon hutun nan, na san kin gaya wa ƙawayenki ƙaninki zai hau. Ban gaya wa Mak ba tukuna, ta riga ta ce za ta dafa shinkafar rawaya irin ta biki ta kai can a ci.

In kin fasa zuwa ba zan ga laifinki ba. Amma ina roƙonki ki zo. Ranar tsere za mu tsaya bakin igiya tare mu kalli Galih, zan ma tafa masa in ya yi abin kirki. Washegari in kowa ya watse zan sa Pak Wiryo ya tsaya da agogonsa, ke kuma ki tsaya a ƙasa wurin da ake ƙarewa, in gangaro miki ke kaɗai. Robar kuwa na adana ta, zan kai wa Paklik Darmo, tulunansa ne ke bukatarta.

Mak tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da man shafawar nan na gwiwa. Paklik Darmo da matarsa Bulik Sumi da ’yarsu Wening duk suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Mbak Yayuk da kuke zuwa kasuwa tare. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Tegar